Dasa waya a ƙwaƙwalwa don ciwon waswasi: gaskiya ne, amma wa ake yi wa?

Tambaya: Likita, ƙanina shekararsa 29, kusan shekara goma ke nan waswasi ya hana shi sakat. Alwala ɗaya sai ta ci masa fiye da awa guda, kabbarar harama sai ya yi ta maimaitawa har liman ya yi ruku'u, hannuwansa duk sun tsattsage saboda wanki. Ya bar karatu, ya bar kasuwa. An yi ruƙiyya, an sha rubutu, an kai shi asibiti aka ba shi fluoxetine ƙwaya ɗaya kullum, ya sha wata ɗaya da 'yan kwanaki ya ajiye don bai ga canji ba. Yanzu wani ɗan'uwanmu da ke zaune a waje ya ce akwai aikin da ake sa waya a cikin ƙwaƙwalwa ciwon ya tafi. Muna shawarar sayar da gonar gado mu kai shi Indiya. Da gaske akwai wannan aiki? Yana warkarwa?

Amsa: Malam, Allah ya ba ƙaninka lafiya, kai kuma ya ba ka ladan ɗawainiya. Ɗan'uwan naku bai yi ƙarya ba. Akwai aikin, likitoci suna kiransa DBS a taƙaice, wato aika lantarki can cikin ƙwaƙwalwa ta waya, kuma tun ƙarshen shekarun 1990 ake yi wa masu ciwon waswasi mai tsanani. Amma kada ku sayar da gonar. Bisa abin da ka rubuta, ƙaninka bai kai matakin da za a yi masa wannan aiki ba, domin har yanzu ba a yi masa maganin farko yadda ya kamata ba. Duk cibiyar da ta san aikinta za ta mayar da ku gida da wannan maganar. Wadda kuwa ta ce ku kawo shi a haka, ta turo muku lissafin kuɗi ba ta tambayi tarihin magungunansa ba, ita ce abar gudu.

Sai an fahimci ciwon kafin a fahimci aikin. Waswasin da kowa kan yi jefi-jefi daban ne da ciwon da asibiti ke kira OCD. Shi wannan ɓangare biyu gare shi. Akwai tunanin da ke kutsowa ba da son mutum ba: anya fitsari bai taɓa wandona ba, anya ruwa ya kai gwiwar hannu, anya niyyata ta ɗauru, anya na kulle shago, anya maganar da na yi ɗazu ba ta saki matata ba. Sai kuma aikin da mutum ke maimaitawa don zuciyarsa ta kwanta. Takan kwanta na 'yan mintoci, kuma wannan ɗan sauƙin shi ke ciyar da ciwon, don ƙwaƙwalwa ta koyi cewa maimaitawar ce ta cece ta. Mai wannan ciwo ba mahaukaci ba ne. Ya fi kowa sanin cewa abin da yake yi ya wuce ƙima, shi ya sa yake ɓoyewa shekara da shekaru. Kimanin mutum biyu cikin ɗari kan yi fama da shi a rayuwarsu, a kowace ƙasa, mai addini da marar addini. Abin da ke bambanta shi ne inda ya kama: a wurinmu ya fi kama tsarki da salla, don su ne mutum ya fi jin tsoron ɓatawa.

Tun daga ƙarshen shekarun 1980 hotunan ƙwaƙwalwa suka nuna cewa akwai wani zagayen saƙo da ke aiki fiye da kima a wurin masu ciwon. Saƙon yana tashi daga gaban ƙwaƙwalwa, daidai saman idanu, ya gangara zuwa wasu curin ƙwayoyin jijiya da ke can ciki, ya bi ta wata matattara da ake kira talamus, ya koma inda ya fito. Wannan zagaye ne ke gaya wa mutum cewa akwai abin da bai yi daidai ba, kuma shi ya kamata ya yi shiru idan an gyara. A wurin ƙaninka ba ya yin shiru. Kamar ƙararrawar mota ce da ta lalace, ko kaza ta gifta sai ta kama kuka. Mai motar ya fito ya zagaya ya ga babu ɓarawo, ya koma ya kwanta, ta sake. Magani da horon hana maimaitawa (wanda zan bayyana a gaba) da tiyata, dukansu wannan zagayen suke nema su lafar, hanya ce kawai ta bambanta.

Ga yadda ake aikin. Ana ɗaukar hoton cikin ƙwaƙwalwa mai kyau da na'urar MRI, likitan tiyata ya auna inda zai kai wayar da lissafin milimita. Ranar aiki a ɗaura wa mutum wani ƙarfen awo a kai don kada ya motsa, a huda ƙoƙon kai wuri biyu, dama da hagu, kowace huda faɗinta kusan santimita ɗaya da rabi. Ta nan ake zura siraran wayoyi biyu, kowace kaurinta bai kai milimita ɗaya da rabi ba, har can tsakiyar ƙwaƙwalwa. A bakin kowace waya akwai ƙananan zobba na ƙarfe, huɗu ko takwas, ta nan lantarki ke fita. Wasu cibiyoyi suna yin wannan mutum yana farke, tunda naman ƙwaƙwalwa kansa ba ya jin zafi, wasu kuma suna sa shi barci gaba ɗaya. Daga nan a bi da wayar ta ƙarƙashin fata, ta bayan kunne, ta wuya, zuwa wani ɗan ƙaramin akwatin batir da ake binnewa a ƙarƙashin fatar ƙirji. Idan an kunna, yana aika ƙananan bugun lantarki kimanin 130 a kowace daƙiƙa, dare da rana. Mutum ba ya jin wuta tana jansa. Kuma ba shi ne jan wutar da ake yi wa masu baƙin ciki mai tsanani a asibitin ƙwaƙwalwa ba, mutane sukan haɗa su, alhali ba su da dangantaka.

Ba don waswasi aka ƙirƙiro shi ba. A 1987 wani likitan tiyata a garin Girenobul na Faransa, Alim-Louis Benabid, ya lura cewa idan ya aika lantarki mai saurin bugu cikin talamus, karkarwar hannun majinyaci takan tsaya. Daga nan aikin ya zama maganin karkarwa da ciwon Fakinsan, mai sa karkarwa da sandarewar jiki, kuma zuwa yau an yi wa mutane fiye da dubu 150 a duniya, mafi yawansu saboda ciwukan motsi. Su kuwa masu waswasin da ya gagari magani, tun 1949 akwai tiyatar da ake yi musu, wadda Jean Talairach ya fara a Faransa, Lars Leksell ya inganta a Suwidin: a ƙona wani ɗan wuri a cikin damin zaruruwan jijiya da ke haɗa gaban ƙwaƙwalwa da tsakiyarta. Tana taimaka wa wasu, amma abin da aka ƙona ba ya dawowa. Sai Bart Nuttin da abokan aikinsa a jami'ar Luven ta Beljiyam suka ce, maimakon a ƙona wurin, me zai hana a sa waya a wurin, in ya yi kyau a bari, in bai yi ba a kashe. A 1999 suka wallafa sakamakon mutum huɗu, uku daga ciki sun samu sauƙi.

A Faransa kuma sa'a ce ta buɗe wata ƙofar. A 2002 aka ba da rahoton mutum biyu da aka yi wa aikin saboda Fakinsan, waɗanda dama sun daɗe da ciwon waswasi, sai ga waswasin ya ragu ba tare da an nufe shi ba. Wannan ya sa Luc Mallet ya jagoranci gwajin da aka wallafa a 2008.

Kafin in kawo alƙaluma sai ka san ma'aunin. Akwai tambayoyi goma da ake auna tsananin ciwon da su, ana kiransu Y-BOCS, maki daga 0 zuwa 40. Daga 24 zuwa 31 mai tsanani ne, daga 32 zuwa sama kuwa mutum ne da ciwon ya cinye masa yini, sau da yawa fiye da awa takwas. A gwajin Faransa an ɗauki mutum 16, kowa aka kunna masa na'urar wata uku, aka kashe wata uku, ba shi ba mai auna shi, babu wanda ya san lokacin da take kunne. Makin ya tsaya a kan 19 idan tana aiki, 28 idan tana kashe. Wannan bambanci ne babba. Amma a cikin wannan ɗan ƙaramin rukuni an samu matsaloli masu tsanani har 15, ciki har da zubar jini a ƙwaƙwalwar mutum ɗaya da shigar ƙwayar cuta ga mutum biyu.

Cibiyar da ta fi kowa yawan majinyata ita ce ta Amstadam a Holan, ƙarƙashin Damiaan Denys. A 2010 sun ba da rahoton mutum 16, tara suka amfana. A 2020 suka kawo na mutum 70: bayan shekara ɗaya kashi 52 cikin ɗari sun amfana sosai, kashi 17 sun ɗan amfana, kashi 31 ba su ga wani abin kirki ba. A 2022 wasu masu bincike a Amurka suka tattara nazarce-nazarce 34 da suka shafi mutum 352, suka samu kusan biyu cikin uku sun amfana, makin ciwon kuma ya ragu da kusan rabi a matsakaici.

Ka lura da abu biyu a nan. Na farko, yawan mutanen: ɗaruruwa ne, ba dubbai ba, cikin fiye da shekara ashirin. Shi ya sa hukumomi suka rabu. Hukumar magunguna ta Amurka ta ba da izini a 2009, amma irin izinin jinƙai ne da ake ba na'urar da masu bukatarta ba su da yawa, ba tare da babban gwaji ba. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin magani a Ingila kuwa a 2021 cewa ta yi a yi shi a cikin bincike kawai. A ganina Ingila ta ɗan matsa da yawa, domin ga wanda komai ya gagara, damar rabi ko fiye ba ƙaramin abu ba ce. Amma ba su faɗi haka don wauta ba.

Na biyu, kuma shi ne amsar tambayarka ta ko yana warkarwa: idan likitoci suka ce mutum ya amfana, suna nufin makinsa ya ragu da aƙalla kashi 35 cikin ɗari. Wanda yake kan 34 ya sauko 20, an ƙidaya shi cikin waɗanda suka yi nasara. A zahiri wannan mutum ne da a da yake kwashe awa takwas ko tara a bayi da bakin famfo, yanzu yana kwashe biyu. Zai iya komawa kasuwa, zai iya bin jam'i, zai iya aure. Wannan rayuwa ce aka dawo masa da ita, ba na raina ta. Amma ciwon yana nan. Waɗanda ya rabu da su kusan kakaf 'yan kaɗan ne, kuma mutum ɗaya cikin uku zai sha tiyatar, ya ɗauki haɗarinta, ya tashi kusan yadda yake.

Abin da bidiyoyin talla ba sa nunawa shi ne ranar tiyata ba ita ce ranar magani ba. Bayan mako biyu ko fiye, idan rauni ya kame, majinyaci zai zauna gaban likitan ƙwaƙwalwa, likitan riƙe da wata na'ura mai allo da ke magana da batirin ƙirji. Ya zaɓi zobe ɗaya, ya ɗaga ƙarfin lantarki kaɗan, ya ce me kake ji. Wani ya ce zafi ya taso masa a fuska, wani gabansa ya faɗi, wani ya ji wani ɗanɗano a baki. Wani kuma sai ka ga murmushi ya suɓuce masa, wani lokaci ma ta gefe ɗaya na fuska ya fara, ya ce shi ma bai san dalili ba, kawai ya ji an sauke masa kaya. Likitoci a Fulorida sun lura cewa masu irin wannan murmushi da dariya sun fi samun sauƙi daga baya. Amma sauƙin bi da bi yake zuwa. Baƙin ciki da fargaba su ke fara lafawa, cikin mintoci ko kwanaki. Tunanin da ke kutsowa sai an yi makonni. Maimaita wanki da dube-dube kuwa sai watanni, domin shekara goma ko ashirin ta mayar da shi ɗabi'a, kuma lantarki ba ya goge ɗabi'a. Saboda haka a Amstadam, da zarar fargaba ta sauka, sai su mayar da mutum ga horon hana maimaitawa, wanda a da ya kasa jurewa, yanzu yake iyawa. Neman saitin da ya dace kan ɗauki wata shida zuwa shekara, ana komawa asibiti duk bayan 'yan makonni.

Haɗarin tiyatar sananne ne: zubar jini a ƙwaƙwalwa ga mutum ɗaya ko biyu cikin ɗari, wanda kan iya barin shanyewar ɓarin jiki, ƙwayar cuta a wurin batir ko wayar ga wasu 'yan kaɗan cikin ɗari, wani lokaci har sai an cire komai, farfaɗiya ta ɗan lokaci, tsinkewar waya. Sai kuma na lantarkin kansa. Wanda aka fi gani shi ne zumuɗi ya yi yawa: mutumin da shekara goma bai fita zaure ba sai ga shi ba ya barci, surutu ba tsayawa, yana sayen abin da bai da bukata, yana faɗa da kowa. Galibi idan aka rage ƙarfin yakan daidaita cikin kwanaki, amma sai akwai wanda zai rage ɗin. Har akwai wani dattijo a Holan da aka wallafa labarinsa a 2014, bayan aikin ya koma ba ya son sauraron kowa sai wani mawaƙin Amurka guda ɗaya, idan batir ya mutu son ya tafi, idan aka kunna ya dawo. Abin dariya ne, amma yana nuna maka cewa wurin da ake taɓawa yana da hannu a abin da mutum ke so da abin da yake ƙi.

Inda na fi jin tsoro ga wanda zai taso daga Kano ko Maraɗi shi ne batir. Masu waswasi sukan bukaci lantarki mai ƙarfi fiye da masu Fakinsan, don haka batirin da ba a caji kan ƙare da wuri, wani cikin shekara ɗaya ko biyu, kuma canza shi wata ƙaramar tiyata ce da wani kuɗin. Mai caji yana iya kai wa shekara 15, amma sai mutum ya riƙa ɗora abin caji a ƙirjinsa, wasu kullum, wasu bayan 'yan kwanaki, kuma ka san halin wutarmu. Idan na'urar ta tsaya bagatatan, ciwon ba ya dawowa a hankali. Cikin awoyi ko kwanaki fargaba da baƙin ciki kan rufto, wani lokaci fiye da na da, kuma a irin wannan hali ne ake tsoron mutum ya kashe kansa. To a ranar da haka ta faru, wa zai duba shi? Kowane kamfani da irin na'urar saitinsa, kuma sai wanda aka horar. Cibiyoyin da suka ƙware a DBS na waswasi 'yan kaɗan ne, a Turai da Amurka da Indiya da Sin da Ostareliya. Kuɗin aikin dubun-dubatar daloli ne, amma ba shi ne babban kuɗin ba. Babban kuɗin shi ne biza da jirgi da masauki, shekara bayan shekara, har ƙarshen rayuwa. Gona ɗaya tana iya biyan tiyata, ba za ta biya wannan ba.

Yanzu ga sharuɗɗan da cibiyoyin kirki ke gindayawa. Mutum ya kai shekara 18. Ciwon ya kai aƙalla shekara biyar, makinsa ya kai wajen 28 ko fiye, ya hana shi rayuwa. Ya sha aƙalla iri biyu ko uku na magungunan dangin fluoxetine, kowanne a mafi girman awon da jikinsa zai ɗauka, na tsawon mako 12. Ya sha clomipramine haka nan. An gwada ƙara masa wani magani a kai, irin su risperidone ko aripiprazole. An yi masa horon hana maimaitawa a hannun wanda ya iya, zama 16 zuwa 20 ko fiye. Duk wannan ya gagara. Sannan kwamiti ya zauna, da likitan ƙwaƙwalwa da na tiyata da masanin halayya, kuma shi majinyacin da bakinsa ya yarda, ba yayansa ba, ba mahaifinsa ba. Kimanin ɗaya cikin goma na masu ciwon ne magani da horo ke gagara, kuma ko a cikinsu ba kowa ya dace da tiyata ba.

Ka auna ƙaninka da wannan. Ƙwaya ɗaya ta fluoxetine galibi miligiram 20 ce. Wannan awon baƙin ciki ne. Waswasi yakan bukaci 40 zuwa 60, wani lokaci 80, kuma ba a yanke hukunci kafin mako 8 zuwa 12 a kan cikakken awo. Wanda ya sha 20 na wata ɗaya ya ajiye, ba a ce magani ya gagare shi ba, ba a ma fara ba. Wannan shi ne abin da muka fi gani: a ce an gwada komai, in ka bi diddigi sai ka tarar an ɗanɗana abubuwa da yawa, ba a kai ko ɗaya ƙarshe ba. Idan aka sha yadda ya kamata, kusan rabin mutane suna samun sauƙi da maganin farko, wasu kuma da na biyu. Akwai sertraline har miligiram 200, akwai clomipramine wanda tsoho ne amma mai ƙarfi. Sai dai kada ku je kemis ku ƙara masa da kanku. Clomipramine yana taɓa bugun zuciya, yawansa yana kisa, haɗa shi da fluoxetine sai da idon likita, kuma duk mai shan waɗannan magunguna ya nisanci tramadol, haɗuwarsu tana kawo farfaɗiya da zazzaɓi mai haɗari.

Horon da nake ta ambata kuwa, wanda Victor Meyer ya fara bayyanawa a Landan a 1966, ban ga alamar an taɓa yi masa ba, kuma shi ne ya fi kowane magani tasiri mai ɗorewa. Ba hira ba ce, ba nasiha ba ce. Ana zama da shi a jera abubuwan da ke tayar masa da hankali daga ƙarami zuwa babba. Sai a ɗauki ɗaya. A cika buta ɗaya, a ce wannan ce ruwan alwalarka, kowace gaɓa sau uku, in ka wuce ta ba komowa. Ya gama, a karɓe butar, a fito da shi tsakar gida a zauna. Nan take zai ce bai tabbata ruwa ya taɓa diddige ba. Ba za a ce masa ya taɓa ba, ba za a ce bai taɓa ba. A ce masa, daga ɗaya zuwa goma, fargabar nawa take? Ya ce tara. Zufa ta keto masa, yana kallon butar. Bayan minti ashirin a sake tambaya, ya ce bakwai. Bayan arba'in ya ce huɗu, kuma bai sake wanke komai ba. Gobe a maimaita, jibi a maimaita, har ƙwaƙwalwa ta koyi cewa fargabar tana sauka da kanta. Yana da wuya ƙwarai, wasu sukan gudu a makon farko, shi ya sa ake haɗa shi da magani.

A nan malamin da ya san fiƙihu abokin aikin likita ne. Ɗalibin da ya karanta Ahalari ya san hukuncin mai waswasi a salla: ya bar waswasin daga zuciyarsa, kada ya kawo abin da yake shakka a kansa, ya yi sujada ba'adi. Wato malamanmu tun da daɗewa sun ware mai wannan lalura, sun ce kada ya bi shakkarsa. Ku nemi malami ɗaya da ƙaninka ya yarda da shi, ya faɗa masa wannan hukunci sau ɗaya, a rubuta a takarda, a rufe maganar. Kada ya zama kullum yana zagayen malamai da tambaya ɗaya, don tambayar ita ma ta zama irin wankin hannun. Ku ma a gida akwai naku. Duk lokacin da ya ce Yaya, ka ga na wanke ƙafar hagu, ka ce na gani, ka ba ciwon abinci. Haka ɗebo masa ruwa jarka-jarka, haka jiran sa da abinci har ya gama. Da tausayi kuke yi, na sani. Amma za a koya muku yadda za ku janye a hankali ba tare da faɗa ko gori ba.

Ku kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa na sosai, ba likitan da ke duba kowane ciwo ba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano, Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato da Maiduguri, akwai kuma sashen ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya. Likitocin wannan fanni a Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum fiye da miliyan 200, don haka za a yi layi, a yi haƙuri. Ku tambaya kai tsaye ko akwai masanin halayya da ya iya horon hana maimaitawa na masu OCD, domin ba kowa ya koye shi ba. Kuma a tambayi ƙaninka, a keɓe, cikin natsuwa, ko yana tunanin mutuwa ko kashe kansa. Da yawa daga cikin masu ciwo irin nasa suna da baƙin ciki a kai, kuma tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sauƙi take kawo masa. In ya ce e, wannan na gaggawa ne, ba a jira ranar asibiti.

Idan an yi shekara ɗaya ko biyu ana bin duk wannan da gaske bai motsa ba, to maganar tiyata ta halatta, kuma a lokacin ma ba DBS kaɗai ke kan tebur ba. Akwai maganaɗisun da ake ɗorawa a kai ba tare da yanka ba, wanda Amurka ta amince da shi don waswasi a 2018; haɗarinsa kaɗan ne, amfaninsa ma matsakaici ne. Akwai kuma tsohuwar tiyatar ƙona wuri, wadda yanzu ake iya yi da haske mai ƙarfi ko da sautin da aka tattara wuri ɗaya ba tare da an buɗe kai ba. Sakamakonta bai yi nisa da na DBS ba, kuma babu batir, babu saiti. Ga mutumin da ke zaune nesa da cibiya, ni ina ganin ta cancanci a auna ta da gaske, duk da cewa ba a mayar da ita baya, kuma takan bar wa wasu kasala da mutuwar zuciya. Duk cibiyar da za ku tuntuɓa, ku tambaye su mutum nawa masu waswasi suka yi wa, ba masu Fakinsan ba. Likitan ƙwaƙwalwa ne zai riƙa saiti ko wakilin kamfani? Wa zai yi horo bayan tiyata? Me za ku yi in na'urar ta tsaya kuna gida?

Daga yau ku sayi littafin rubutu guda. Duk maganin da aka ba shi a rubuta sunansa, miligiram nawa, ranar da ya fara, ranar da aka ƙara, ranar da aka daina da dalili. A rubuta awa nawa alwala da wanka ke ci a kowane mako, a roƙi likita ya auna makinsa na Y-BOCS duk bayan wata uku a sa a ciki. Da shi likitan da ke duba shi zai san ko ana ci gaba, kuma in har ta kai ga neman tiyata, shi ne abu na farko da za a ce ku turo.